Eddington: Kunnen da Ya Ji na Nesa, Ya Kasa Jin na Kusa

Ɗauki taswira ka ɗora yatsa a kan Jos, sannan ka gangara kudu. Ka wuce Makurɗi, ka wuce Fatakwal, ka faɗa teku. Kafin ka cika kilomita 1,000 za ka ci karo da wani ɗan tsibiri da ake kira Principe. Wanda ya taɓa jin sunansa a cikinmu, galibi a zancen man fetur ya ji, domin tun 2001 Najeriya da ƙasar Sao Tome da Principe suka ƙulla yarjejeniyar cin moriyar wani yankin teku tare, ofishin hukumar ma yana Abuja. To a wata gonar koko da ke wannan tsibiri ne, ranar 29 ga Mayu 1919, wani Bature ɗan shekara 36 ya ɗauki hotunan husufin rana guda 16 cikin kusan minti biyar, ta tsakankanin gajimare. Biyu kacal suka yi amfani. Su biyun nan suna cikin hujjojin da suka sauke ƙa'idar Newton daga kujerar da ta shafe sama da shekara 200 a kai, suka kuma sa duniya ta san sunan Albert Einstein.

Sunan Baturen Arthur Stanley Eddington. Ni malamin fiziks ne a wata sakandare a nan Jos, kuma da yake ba a tambayar yara labarinsa a jarrabawa, ba ya samun wuri a allo sai in na ci bashin minti goma a ƙarshen darasi. Nan kuwa babu ƙararrawar da za ta katse ni.

An haife shi ranar 28 ga Disamba 1882 a garin Kendal, arewacin Ingila. Mahaifinsa shugaban makaranta ne, zazzaɓin taifot ya ɗauke shi a 1884, yaron bai cika shekara biyu ba. Uwa ce ta rene shi da yayarsa cikin ƙaramin ƙarfi. Da tallafin karatu ya shiga kwaleji a Manchesta yana ɗan shekara 15, ya wuce Kambirij a 1902, a 1904 kuma ya zo na ɗaya a babbar jarrabawar lissafi ta jami'ar alhali yana shekararsa ta biyu, abin da ba wanda ya taɓa yi kafin shi. A 1906 ya kama aiki a cibiyar duban taurari ta Greenwich, wurin nan da ake kwatanta agogon GMT da muke ji a rediyo. A 1913 ya koma Kambirij a matsayin farfesa, shekara guda bayan haka aka ba shi shugabancin cibiyar taurarin jami'ar, can ya zauna da uwarsa da yayarsa. Bai taɓa aure ba.

Abin da ya fi wannan jerin muƙamai muhimmanci shi ne addininsa. Ɗan wata ɗariƙar Kirista ne da ake kira Kweka. Mutane ne da ke taruwa su zauna shiru a wurin ibada, kuma sun haramta wa kansu ɗaukar makami ko da wa ake yaƙi. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, wannan aƙida ta zama abin nuni da baki. Malaman jami'o'in Ingila suka shiga rubuce-rubuce cewa an gama hulɗa da masanan Jamus, wani farfesan taurari na Okasfod ma ya kawo shawarar kada a sake karɓarsu cikin taron masana ko bayan yaƙi. Eddington ya mayar da martani a rubuce a 1916, yana tuna musu cewa layukan da ake auna duniya da su ba su san iyakar ƙasa da ƙasa ba, kuma Bajamushen da ake zagi ɗin nan, a daure a tuna fuskar wani abokin aiki da aka sani, ba dodon da jaridu ke zanawa ba.

Duk mutumin Jos ya san nauyin irin wannan magana ba sai an yi masa sharhi ba. Bayan 2001, da 2008, da 2010, garin ya rabu unguwa-unguwa, kowa ya san inda ƙafarsa ke tsayawa. Akwai shekarar da jarrabawar gwaji ta ƙarato muna da ƙarancin gilasan tattara haske, wanda ke da rara kuwa wani abokin karatuna ne da ke koyarwa a makarantar mishan a ɗaya ɓangaren gari. Ba shi iya zuwa wurina, ba ni iya zuwa wurinsa. A Taminos muka haɗu, ya miƙo mini kwali naɗe da tsohuwar jarida. "Malam, ka kula da su, in an gama ka dawo mini da su nan ɗin dai," in ji shi. Da na koma, wani ya tambaye ni, "Wai har yanzu kuna hulɗa?" Wannan tambayar ce aka yi wa Eddington shekara huɗu, sai dai shi ƙasa guda ce ke yi masa ita.

A daidai wannan lokaci ne, cikin Nuwamban 1915, Einstein ya kammala sabuwar ƙa'idarsa a Balin, babban birnin abokan gaba. Mujallun Jamus sun daina shiga Ingila. Wani masanin taurari ɗan ƙasar Holan, Willem de Sitter, wanda ƙasarsa ba ta cikin yaƙin, shi ya aiko da bayanin ƙa'idar a 1916, kuma da yake Eddington ne sakataren ƙungiyar masana taurari, hannunsa takardun suka faɗa. An yi dace biyu. Yana da lissafin da zai gane su, kuma ba ya ƙyamar inda suka fito.

Newton ya ce abubuwa masu nauyi suna jan juna da wani ƙarfi. Einstein ya ce a'a, abu mai nauyi lanƙwasa sarari da lokaci yake yi a kewayensa, duk abin da ya ratsa ta nan kuwa dole ya bi lanƙwasar, har da haske. Ke nan hasken tauraron da ya gogi gefen rana a kan hanyarsa ta zuwa idonmu zai ɗan karkace, sai mu ga tauraron ya gusa daga mazauninsa. Nawa zai gusa? Raba digiri ɗaya gida 3,600. Einstein ya ce 1.75 na wannan. In aka bi lissafin Newton, rabin haka za a samu, wato 0.87. Shi 1.75 ɗin, kwatankwacin faɗin murfin kwalbar lemo ke nan in ka hango shi daga nisan kilomita 3. Kuma ba a ganin taurarin da ke gefen rana sai wata ya rufe ta ruf.

Frank Dyson, babban masanin taurari na masarautar Ingila, shi ya lura cewa husufin 29 ga Mayu 1919 na musamman ne. Zai daɗe, kuma a ranar rana za ta kasance a gaban wani gungun taurari masu haske da ake kira Hyades, maƙwabtan Kaza da 'Ya'yanta. Manoma sun san cewa a farkon damina ba a ganin Kaza da dare, ai tana can kusa da rana ne. Shirin tafiyar ya kuma zame wa Eddington mafita. Tun 1916 aka fara tilasta wa maza shiga soja, a 1918 aka kira shi gaban kwamiti, ya faɗa musu a fili cewa addininsa ya hana shi kisa. Da dama masu irin wannan amsa kurkuku suka ƙare. Dyson ya rubuta cewa babu wanda zai iya aikin husufin kamarsa, aka ɗaga masa ƙafa na wata 12. Kafin wa'adin ya cika yaƙi ya ƙare.

Tawaga biyu aka tura. Andrew Crommelin da Charles Davidson suka nufi garin Sobral a Barazil. Eddington da Edwin Cottingham, wanda sana'arsa gyaran agogo ce, suka nufi Principe, suka sauka a gonar Sundy. Tsibirin yana hannun Turawan Fotugal a lokacin, kuma gonakin kokonsa sun yi ƙaurin suna wajen aikin tilas, har manyan kamfanonin cakulan na Ingila suka daina sayen kokon can a 1909. Leburorin gonar ne suka yi dakon akwatunan kayan aiki. Ana buga hoton Eddington da na Einstein duk shekara, su kuwa ko sunan ɗaya ba a ambata.

Da safiyar ranar aka tafka ruwa da tsawa. Wajen ƙarfe biyu da 'yan mintoci wata ya rufe rana, gajimare bai gama washewa ba. Eddington ya ce shi bai ma kalli husufin ba in ban da leƙe biyu, yana ta sauya farantan hoto. A na ƙarshe-ƙarshen ne taurari suka ɗan bayyana. Ya gwada su da hotunan da aka ɗauka na wannan gungun tun a Ingila da dare, ya samu 1.61, da yiwuwar kuskure na 0.30 sama ko ƙasa. A Sobral kuwa, ƙaramin madubin hangen samansu ya ba da 1.98. Ranar 6 ga Nuwamba 1919 aka sanar da sakamakon a Landan, a ɗakin da hoton Newton ke rataye, washegari jaridu suka ce an yi juyin juya hali a kimiyya. Shekara guda ke nan da ajiye makamai, sai ga Turawan Ingila sun gaskata Bajamushe a kan nasu gwarzon.

Akwai ƙura a labarin, kuma gara a faɗa. Babban madubin Sobral ya ba da 0.93, wanda ya fi kusa da Newton, aka ajiye shi gefe bisa hujjar cewa hotunansa sun dusashe, ana zaton zafi ne ya taɓa madubin. A 1980 wasu masana biyu suka yi zargin cewa Eddington ya zaɓi abin da ransa ke so ne. Ni ban gamsu da zargin ba. Hotunan Sobral a hannun mutanen Greenwich suke, Dyson ne ya yanke hukunci a kansu, shi kuwa ba mai zumuɗin ƙa'idar Einstein ba ne. Da aka sake auna hotunan babban madubin da na'urorin zamani a 1979, sai suka ba da 1.55. A 1922 ma Amurkawa sun maimaita gwajin a Ostareliya suka samu 1.72. Yau kam GPS ɗin da ke wayarka ba zai yi aiki daidai ba sai an gyara agogunan taurarin ɗan Adam bisa lissafin Einstein. Gani ya kori ji.

Mu da muka ga husufin 29 ga Maris 2006, wanda ya rufe rana ruf a Gusau da Katsina, a Jos kuma ya bar ɗan baki, mun san yadda jiki ke yin sanyi in hasken rana ya canza da hantsi. Masallatai suka cika don sallar kusufi. Wani yana tafe ranar 20 ga Maris 2034, zai ratsa Najeriya, Allah Ya nuna mana.

Amma a wurina husufi ba shi ne babban aikin Eddington ba. Babban aikinsa shi ne ya shiga cikin tauraro da alƙalami. Kafin shi, amsar da ake da ita kan abin da ke hura wutar rana ita ce tana tsukewa a hankali, tsukewar na haifar da zafi. Lissafin hakan bai ba ta fiye da shekara miliyan 20 ko makamancin haka ba, alhali duwatsu sun nuna duniya ta girmi haka nesa ba kusa ba. A 1920 Francis Aston ya auna a Kambirij ya gano cewa ƙwayar hiliyam ɗaya ba ta kai nauyin ƙwayoyin haidurojin huɗu ba, akwai giɓin da bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Cikin Agustan shekarar, a wani jawabi a birnin Kadif, Eddington ya haɗa wannan da lissafin Einstein na cewa nauyi na iya rikiɗewa ya zama makamashi. Ya ce taurari suna haɗe haidurojin ya zama hiliyam, ɗan giɓin nan shi ne hasken da muke gani. Haka abin yake. Rana tana ƙona haidurojin kusan tan miliyan 600 a kowace daƙiƙa, tan miliyan 4 daga ciki na zama haske da zafi, kuma ta shekara wajen biliyan 4.6 tana yi. A wannan jawabin ya yi gargaɗi cewa in ɗan Adam ya mallaki wannan makamashi, zai iya zama alherinsa ko kuma ajalinsa. Saura shekara 25 a jefa bam a Hiroshima.

Masu suka suka ce cikin tauraro bai kai zafin da ƙwayoyi za su haɗe ba. Ya ce to su je su nemo inda ya fi nan zafi. Sai a 1939 Hans Bethe ya warware yadda haɗewar ke gudana daki-daki.

Eddington ya kuma nuna cewa tauraro yana tsaye ne tsakanin nauyinsa da ke danna shi ciki da kuma iska mai zafi da haske da ke tura shi waje. A 1924 ya fitar da dangantakar nauyin tauraro da haskensa: wanda ya ninka rana biyu a nauyi yakan fi ta haske wajen sau goma, shi ya sa manyan taurari ke saurin cinye abincinsu su mutu. Akwai kuma iyakar hasken da tauraro zai iya fitarwa kafin hasken ya fara yaye fatarsa, har yau da sunansa ake kiranta. Kuma ya iya magana. Wata ɗaliba, Cecilia Payne, ta saurari laccarsa kan tafiyar Principe a 1919, ta koma ɗaki ta rubuta ta daga ka, ta bar nazarin tsirrai ta koma fiziks da taurari. Ita ce a 1925 ta nuna cewa haidurojin ne ya fi yawa a jikin taurari. Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljiyam da ya kawo batun faɗaɗar sararin samaniya, shi ma ya yi karatu a gabansa.

Sai kuma maganar da ba na jin daɗin faɗa wa yara, amma ba na tsallake ta.

A 1930 wani saurayi ɗan Indiya mai shekara 19, Subrahmanyan Chandrasekhar, ya hau jirgin ruwa zuwa Ingila karatu. A kan hanya ya yi lissafi a kan fararen wadanni, wato gawar tauraro irin rana bayan wutarsa ta mutu, wadda ke tsukewa ta koma girman duniyarmu. Ya gano cewa in nauyin gawar ya haura wani mizani, wanda yau aka tsayar a kan ninki 1.4 na nauyin rana, babu abin da zai riƙe ta, za ta ci gaba da ruftawa. Ya shekara huɗu yana tace lissafin a Kambirij. Eddington yakan leƙo ɗakinsa ya duba inda aka kwana, bai taɓa ce masa yana shirin ƙaryata shi ba.

Ranar 11 ga Janairu 1935, a taron ƙungiyar masana taurari a Landan, saurayin ya gabatar da aikinsa. Yana zama Eddington ya miƙe. Ya bi lissafin har ƙarshensa, ya ce in haka ne tauraro zai yi ta tsukewa har nauyinsa ya hana haske fita, sannan ya ce wannan wauta ce, dole akwai wata dokar halitta da za ta hana tauraro yin haka. Ɗaki ya ɗauki dariya. Ka duba fa, abin da ya siffanta don ya yi ba'a shi ne baƙin rami, wanda aka ɗauki hotonsa na farko aka nuna wa duniya ranar 10 ga Afrilu 2019. Ya hango shi sarai, da ƙa'idar da shi kansa ya je Principe ya tabbatar, amma ransa ya ƙi.

Wanda ya fi ba ni haushi a labarin ba Eddington ba ne. Manyan masana irin su Niels Bohr da Wolfgang Pauli sun duba sun ga yaron ne da gaskiya, suka faɗa a bayan fage, ba wanda ya fito fili ya tsaya masa. Mun san wannan halin. A taron malamai ɗan hidimar ƙasa zai ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, kamar akwai gyara a amsar lamba ta uku." Babba zai sauke tabarau ya ce, "Yaro, yaushe aka haife ka?" A yi dariya a wuce. In an fito sai ka ga ana jan yaron gefe ɗaya bayan ɗaya, "Gaskiyarka ce fa, amma ka yi haƙuri." Mukan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A zaman aure da rabon gado da sasanta maƙwabta, na yarda ɗari bisa ɗari. A lissafi kuwa alƙalami bai san furfura ba.

Wasu suna ganin launin fata ne ya jawo. Abin da na lura da shi shi ne haka Eddington yake da kowa a muhawara, ya shekara yana gwabzawa da James Jeans da Edward Milne da baki mai kaifi. Sai dai su sa'o'insa ne, suna da kujeru da suna. Abin da sa'anka zai shanye ya rama, in ka yi wa baƙo ɗan shekara 24 a gaban manyan fanninsa, ka karya shi ne. Kuma mai hankalin da ya gane haka game da Bajamushen da bai taɓa gani ba, bai kamata ya kasa ganewa game da wanda suke cin abinci a teburi ɗaya ba. Chandrasekhar ya tattara aikin ya buga a littafi a 1939, ya koma wasu fannoni. Tun 1937 ya riga ya ƙaura Jami'ar Shikago a Amurka.

Shekarunsa na ƙarshe Eddington ya ƙarar da su wajen ƙoƙarin fitar da lambobin da halitta ke tafiya a kansu daga tunani zalla, ba tare da awo ba. Akwai wata lamba da ya kafe cewa 136 ce cif. Da awo ya nuna ta fi kusa da 137, sai ya samo dalilin ƙara ɗaya, har wata mujallar barkwanci ta yi masa laƙabi da mai ƙara ɗaya. Ba ta kai ko'ina ba wannan hanyar. Abin da ya rage na lissafinsa na nishaɗi shi ne na keke, domin mahayi ne na gaske: lambarka ita ce adadin ranakun da ka yi tafiyar mil daidai wannan adadin ko fiye. Tasa ta kai 84, wato kwana 84 daban-daban da ya tuƙa aƙalla mil 84. Mai ganin wasa ne ya gwada hawan Farin Gada zuwa Bukuru ya dawo.

An ba shi sarautar Sir a 1930. Ya rasu ranar 22 ga Nuwamba 1944 a Kambirij yana da shekara 61, bai janye maganarsa a kan fararen wadanni ba. Shi da Chandrasekhar ba su daina gaisawa da musayar wasiƙu ba. A 1982, da aka cika shekara 100 da haihuwar Eddington, kwalejinsa ta Trinity ta gayyaci Chandrasekhar ya gabatar da laccocin tunawa da shi. Ya zo daga Shikago, ya kira shi masanin taurari mafi ɗaukaka a zamaninsa, bai kuma ɓoye saɓanin 1935 ba. A 1983 aka ba Chandrasekhar kyautar Nobel, a 1999 kuma hukumar NASA ta harba wani madubin hangen sama ta sa masa suna Chandra.